Mai Adda da Gungumen Baba

Kafin a buɗe ƙofar dam ya riga ya ci rabin hanya. Adda a hannu, shebur a kafaɗa, gwangwanin fenti rataye a ƙugu. Ba ya sauri, ba ya kuma tsayawa. Reshen da ya leƙo hanya ya sare shi. Dutsen da ruwan sama ya gangaro da shi ya ture shi gefe. Inda laka ta kwanta ya zuba tsakuwa. Shekara ashirin da shida ke nan yana haka. Yara ne suka sa masa Kawu Mai Adda, manya suka ɗauka a bakinsu.

Hanyar ƙafa ce, ta zagaye ruwan dam ɗin gaba ɗaya. Ta hau tudu, ta kutsa kurmi, ta sauko bakin ruwa, ta sake hawa. Ran Asabar iyalai kan cika ta, da goyo, da kakanni, da yara masu gudu. Kowa ya ce hanyar tana da daɗin bi. Ban taɓa jin wanda ya tambayi dalili ba.

Dalilin shi ne Kawu. Matakalan da ya sassaƙa a jikin tudu gajeru ne, daidai takun ɗan shekara huɗu. Alamar fentin da ke nuna hanya a daidai gwiwar babba take, don idon yaro ya riga na ubansa gani. Matar da ke sayar da ruwan sha a bakin ƙofa ta ce da idonta ta ga ya rushe matakala goma sha ɗaya da ya kwana uku yana ginawa. Wata tsohuwa ya gani ta dafa gwiwa a ta huɗu, ta juya. Shi ke nan.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Gwiwoyinsa sun ƙi. Tun da na ji na kasa zama wuri ɗaya, shi ya sa na ɗauki biro.

Babana tela ne. Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Baki ya dawo, hannu ya dawo, ƙafa ta tsaya. Likita ya ce ko ya riƙa tafiya kullum, ko ƙafar ta sandare, ya yi sallama da keken ɗinki. Baba ya ce ba zai ja ƙafa a layinmu ba, gaban mutanen da ya ɗinka wa kaya shekara talatin. Mama ta yi lallashi, ta yi faɗa. Daga ƙarshe ya yarda da dam, don can ba a san shi ba. Ni na gama sakandare, ina zaune, sai aikin kai shi ya faɗo kaina.

Ranar farko taku kaɗan ya yi ya tsaya yana haki. Babu wurin zama. Kawu ya dube mu, ya wuce. Da muka dawo ranar Talata, ga gungume kwance a gefen hanya, an fere samansa, an goge.

"Wa ya ajiye wannan?" in ji Baba.

"Faɗowa ya yi," in ji Kawu.

"A fere?"

"Itatuwan nan akwai ladabi."

Baba bai yi dariya ba, amma ya zauna. Daga nan abin ya zama ƙa'ida. Sau uku a mako, daga ƙofa zuwa gungume, a huta, a dawo. Ni ina gefe, hannu a aljihu, ina kallon ruwa ina jin kamar in yi ta gudu har in zagaye dam ɗin sau biyu. Baba yana jan ƙafa. Yara suna wuce mu. Kullum a jiƙe da gumi yake isa gungumen.

Wata biyu muka yi. Wata Asabar ya isa, ya zube a kai, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya ce mini, a hankali, "Yau ce ta ƙarshe. Wata biyu, wuri ɗaya, gajiya ɗaya. Ƙafar nan ta mutu. Ka ce wa mamanka ta rufe keken da zane."

Ni ma haka na gani.

Kawu yana ƙasa kaɗan, yana wasa adda a jikin dutse. Ya ji. Na ga hannunsa ya tsaya. Ya tako, ya cire hula, ya sosa kai.

"Malam Tela, na yi kuskure. Taso ka gani."

"Ba na tashi."

"To juya kawai."

Baba ya juya. Kawu ya nuna gefen hanya da bakin adda. Ga wani tabo a ƙasa, dogo, ciyawar wurin ta yi fari ta kwanta. Bayansa wani. Bayansa wani kuma. Suna jere, suna komawa wajen ƙofa, na can nesa har sun fara kore. Sau nawa muka wuce su, ni mai lafiyayyun idanu ban lura ba.

"Can gungumen ya fara kwana," in ji Kawu. "Duk ran da za ku zo sai in ja shi gaba kaɗan. Na ɗauka in ka sani za ka ƙi. Ban yi tunanin za ka ga kamar ba ka motsa ba."

Fuskar Baba ta haɗe. "Wato wata biyu kana wasa da hankalina."

"Da ƙafarka dai."

"Mutum da furfurarsa."

"Kai in za ka ɗinka wa yaro riga, daidai jikinsa kake yankawa?"

"Ana barin sarari. To ni yaro ne?"

"Kai ba yaro ba ne. Ƙafar ce yarinya, yanzu take koyon tafiya."

Sai Baba ya sa hannu a aljihu ya zaro tef ɗin awo. Ko asibiti da shi ya kwanta. Ya miƙo mini, ya fasa, ya miƙe da kansa. "Riƙe bakin nan. Ba na yarda da awon mai adda."

Haka muka bi tabban nan ɗaya bayan ɗaya. Ina durƙusawa, yana karantawa, Kawu yana biye yana cewa a yi masa adalci. Mutane suna ratsa mu suna kallo. Baba bai kula su ba, shi da ya gudo daga layinmu saboda ido. Da muka kai na farko ya naɗe tef ɗin a yatsa.

"Yadi saba'in da huɗu," ya ce. Ya sake faɗa, shi kaɗai. Sannan ya dubi Kawu. "Jan naka ma ba daidai ba ne. Wani yadi biyu, wani biyar. Aikin ƙauye."

"Ran da na ci na ƙoshi ne biyar ɗin."

"Jibi ka ja shi uku. Uku na ce."

Kawu, kai ne ka ja itacen da ya fi ka nauyi, da gwiwoyin da ke hana ka barci, saboda mutumin da ko sunansa ba ka tambaya ba. Kai ne kuma ka cire hula ka ce ka yi kuskure, alhali da ka yi shiru babu mai sani. Wannan na biyun ya fi tsaya mini. Na san manya da yawa. Ban san masu yin haka ba.

Ba zan ce Baba ya warke ba. Har yau yana jan ƙafar in ya gaji. Amma makon jiya ina ɗaki na ji ƙarar keke. Ta yi, ta tsaya, ta sake yi. Na leƙa. Mama tana bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta yi mini alama in koma. Minti ashirin ya yi yana takawa. Ɗinkin ya karkace, ya farke shi, ya sake.

Na gode, Kawu. Mama ta gode. Baba ba zai faɗa ba, ka san shi, amma ya tambaye ni tsawon ƙafar wandonka.

Ku kuma masu zuwa dam da iyalanku, ban ce ku zama shi ba. Ba za ku iya ba, ni ma haka. Amma in kun ga reshe a hanya, ku ɗauke. In kun ga wani ya tsaya yana haki, ku rage sauri, kada ku zuba masa ido. Wanda za a kawo a madadinsa kuma, don Allah ya tsuguna ya dubi hanyar daga ƙasa kafin ya taɓa komai.

Kawu, Asabar mai zuwa ba ka nan. Na tambayi Baba ko mu bari sai an ga wanda za a kawo. Ya ce in shirya da wuri. Wai shekara guda yana jin yara suna ihu a bayan tudun farko, yana so ya hau ya ga abin da suke gani.