Ɗakin Iya da Muka Gyara

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar sanyi, shekarar da na cika goma, Baffa Sule ya hau kan ɗakin Iya ya fara yaye jinka. Iya kakarmu ce, ita ta haifi babanmu da Baffa. Tana zaune a tabarma gindin dalbejiya tana kallo, ciyawar da hayaƙin shekaru ya mayar baƙa ƙirin tana zubowa ƙasa, ɓeraye suna fitowa a guje, ni da ƙanwata Dije muna bin su da sanda.

Gidanmu a zangon Salaga yake a ƙasar Gana, gidan masu fataucin doya. Ɗakin Iya ya fi kowanne tsufa. A ciki akwai gadon ƙasa mai baki a ƙarƙashi inda ake hura wuta, irin na tsofaffi da masu jego. Ban yi makarantar boko ba, aikina kowace yamma shi ne in faskara itacen kaɗanya in cusa a bakin gadon, Dije kuma ta ɗebo ruwa a rijiya. Muna gasa doya a wutar, mu dangwala man ja, mu yi faɗa a kan ɓangaren da ya fi ƙonewa. Hayaƙi yakan cika ɗakin kafin ya bi ta cikin jinka ya fita. Iya tana tari, idonta kullum ja, sanyi kuma yana shigo mata ta ko'ina. Baffa ya koyi gini a Yendi, da ya dawo ya rantse uwarsa ba za ta ƙara shekara a haka ba.

Kwana shida ya yi yana aiki. Ya buga kwano, ya shafe bango da siminti, ya cike tsakanin bango da rufi, ya sa ƙofar katako mai rufuwa gam. Ya hana itace, ya ce gawayi za a riƙa sawa tunda ba ya hayaƙi. Wata 'yar kafa kawai ya bari can sama, faɗinta bai fi tafin hannu ba. Iya ta leƙa ta ce, "Sule, ai ka toshe wa ɗakin nan hanci." Ya ce, "Iya, naki hancin ne zai huta." Aka yi dariya, maƙwabta suna ta shigowa gani.

Ɗakin ya yi ɗumi ƙwarai, tarinta ma ya ragu. A rana ta uku bayan magariba ta ce mini, "Audu, hau ka rufe mini kafar can, iska tana cin wuyana." Na taka turmi, na cusa tsohon buhu har ya matse. Na ƙara gawayi fiye da kullum don ta yabe ni. Ranar ni ke da kwana a wurinta, amma Dije ta riga ni hawa gadon ta ƙi sauka. Iya ta ce ni namiji ne, in je in sha sanyi a zaure. Na mintsini Dije, na ce mata mai kan kwakwa, na ja musu ƙofa. Maganata ta ƙarshe da ita ke nan.

Da safe Innarmu ta yi ta kiran Dije ta zo ta ɗauki kokon talla. Shiru. Ni na tura ƙofar. Ɗakin da ɗuminsa, suna kwance kamar masu barci, hannun Dije yana riƙe da gefen zanen Iya. Wata kaza da ke kwanci a lungu ita ma ta mutu a kan ƙwanta. Kafin azahar an binne Iya da Dije. Wasu suka ce tsohon ɗaki yana da masu shi, an taɓa shi ba a nemi izini ba. Aka yi addu'a, aka sa kwaɗo. Baffa ya koma Yendi, bai ƙara ɗora bulo a kan bulo ba har ya mutu. Babu wanda ya ɗaga kai ya ga buhun.

Na kusa shekara talatin ina lodin shanu a Bawku, wani direba ya same ni a shago na rufe ƙofa da kaskon gawayi a gabana. Ya shure kaskon waje ya ce, "Kai, ka gaji da duniya ne? Gawayi a rufaffen ɗaki kashe mutum yake yi, ko farkawa ba za ka yi ba." Na zauna a ƙasa. Ranar ban yi lodi ba. Innarmu tana raye a lokacin, na je Salaga sau biyu da niyyar gaya mata, na dawo ban faɗa ba.

Yanzu a unguwarmu babu mai jinka, duk kwano ne da siminti, ba wanda ke tari. Ni tagata a buɗe take kwana komai sanyi, yarana suna ƙunƙuni, ban taɓa ba su dalili ba. A da, tsohon ɗakin Iya yana yoyo, yana hayaƙi, yana sanyi, amma duk wanda ya kwana a cikinsa yana fitowa da safe.