Sandar da Baba ya koya wa ladabi

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isuhu na Fagam, amma har yau in wata na'ura ta yi ƙara a masallaci sai na ji kamar in waiga in neme shi.

Baba ya makance bayan ya haura sittin. Ya bar noma, bai bar taurin kai ba. A unguwa ko'ina yana zuwa da sandarsa ta gora. Masallacin Juma'a ne ya gagare shi, saboda babura da kayan 'yan tireda da ke cika hanya. Ni nake riƙe bakin sandar in ja shi, duk mako kuwa sai na sha mita. Ba abin da ya tsana kamar a gan shi ana jan sa.

'Yata Rabi, jikar da yake tsokana da amarya, tana shekarar ƙarshe a karatun injiniya a lokacin. Da aka ce ɗalibai su ƙera abin da zai taimaki masu nakasa, ita da abokan karatunta suka haɗa sanda mai ido, wadda in ta hango abu a gaba sai ta yi ƙara. A barandar makaranta suka gwada ta, inda ba akuya ba turmi, ta yi aiki lafiya lau.

Juma'ar farko da ta kawo masa sandar, Baba ya hana ni taɓa shi. Ina biye da shi a baya, ya kewaye babura ɗaya bayan ɗaya, muka isa ana tayar da iƙama. Ya shiga sahu, ya kwantar da sandar a gabansa. Liman ya yi kabbara, masallaci ya yi tsit, sai sanda ta hango dugadugan sahun gaba. Haka ta dinga tsala ihu har aka sallame, don ba mai katse salla ya kashe ta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da muka koma gida na ce wa Rabi ta kwashe tarkacenta, maganar da har yau nake jin kunyarta. Baba ne ya kira ta.

"Amarya, sandarki tana da ido, ladabi ne ba ta da shi. Makaho da kunne yake tafiya, kin cika mini shi da ihu. Ki koya mata ta yi mini raɗa a tafin hannu. In na kwantar da ita kuma, ta yi shiru."

"Tsoho, in ta sake kunyata ka fa?"

"Sai in sake ki."

Bayan wata guda Rabi ta dawo da sandar. Ba ƙara, mariƙin ne kawai ke rawa a hannu. Shekara biyu Baba ya yi yana zuwa Juma'a shi kaɗai, har Allah ya karɓi abinsa. In muka haɗu a ƙofar masallaci, gaishe ni yake yi kamar baƙo, don kowa ya san ba tare muka zo ba.

Yau Rabi tana da ɗan shagonta na ƙera irin sandunan nan a Birnin Kudu, ana zuwa mata daga Yalwan Damai da Farin Dutse. Sandunan yanzu sun fi waccan sauƙin ɗauka. Na san da Baba yana nan sai ya nemo musu aibi, sannan ya zagaya gari yana cewa shi ne malamin injiniya. Ni ma ba zan musa masa ba. Ina alfahari da Rabi, ina kuma alfahari da tsohon da ya sha kunya a gaban jama'a bai ce a fasa ba.

Bai bar mana dukiya ba. Amma kwanan baya wani dattijo da ban sani ba ya shigo masallaci shi kaɗai, ya tsaya kusa da ni, ya kwantar da irin sandar nan a gabansa. Liman ya yi kabbara, sandar ta yi shiru. Da hawaye na yi sallar nan. Allah ya jiƙan Baba.