Malam Je-ka-tambaya, Ka Tafi Ka Bar Mini Rigimarka

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, ina tsakiyar darasi shugaban sashenmu ya leƙo ta taga ya yafuto ni. A bakin ƙofa ya gaya mini ka cika a asibiti da hantsi. Dukkanmu na Allah ne, kuma wurinSa za a tattara mu. Na sallami ɗalibai, na wuce ofishin da muka yi shekara da shekaru muna zaune ni da kai, na zauna ina kallon teburinka.

Zan faɗa maka gaskiya, mutumina, tunda ba ka taɓa son kwana-kwana ba. Da hawaye suka tsaya, abin da ya biyo baya haushi ne. Ka tafi ka bar mini rigimarka, kamar yadda ka saba bar mini kofin shayinka a kan takarduna.

Ga waɗanda ba su san ka ba, malamin kimiyyar noma ne kai, fanninka ajiyar hatsi. Mu sauran malamai jinga muke bayarwa, a rubuto, mu duba, kowa ya huta. Kai ka ce ba ka san wannan ba. Dole kowane ɗalibinka ya shiga zauren tattaunawa na intanet, inda masanan fannin daga ƙasashe daban-daban suke kai-kawo da hujja. Ya yi rajista da sunansa na gaskiya, ya jefa tambaya, ya tsaya a amsa masa, ya mayar da martani. Wanda bai yi ba ya faɗi kwas ɗin. Ko ɗalibi ya tare ka a hanya da tambaya, sai ka ce masa ya je can ya yi ta. Daga nan suka laƙaba maka Je-ka-tambaya, kai kuwa har amsawa kake yi.

Ba zan manta da shekarar farko ba. Yaranmu masu tarbiyya ne, sai kowannensu ya buɗe rubutunsa da gaisuwa: ya gida, ya iyali, ya gajiyar aiki, a yi haƙuri da katsalandan ɗin ƙaramin ɗalibi. Sai an sha karatu kafin a iso ga tambayar, wani ma ya manta da ita gaba ɗaya. Masu kula da zauren suka ɗauka 'yan damfara ne suka yi musu dirar mikiya, suka toshe rabin ajin. Kai kana ta ƙyaƙyata dariya, ni kuma da ban ci ba ban sha ba, ni na yini ina taya ka rubuta musu bayani, saboda kwamfutarka ta ƙi tashi.

Sannan ka gano cewa a duk ginin, jikin tagarmu ne kaɗai intanet ke da ƙarfi, ka kuwa shelanta wa duniya. Ofishinmu ya koma tasha. Sau nawa na shigo na tarar da baƙuwar fuska a kan kujerata? Wanda ba shi da waya mai kyau ka miƙa masa taka, matarka ta yi ta kira ɗalibi yana ɗauka. A taron malamai na tashi na ce wannan tsari wahala ce, har yau kuma ban janye rabin maganata ba.

Amma na ga abin da na gani. Na ga ranar da wani masani a zauren ya yi kaca-kaca da tambayar wani ɗalibinka, yaron ya shigo ido jajir yana cewa ya haƙura da karatun. Ba ka lallashe shi da ƙarya ba. Ka ja masa kujera, kuka bi maganar mutumin layi-layi, ka bar abincinka ya huce, har ya sake rubuta tambayar da hannunsa. Yanzu shi ma yana koyarwa, kuma shi ya fi kowa kuka ranar da muka raka ka.

To, ga rigimar da ka bar mini. A ajin ƙarshe akwai ɗalibar da ake kira 'Yar Kusurwa, don kullum a can take zama, ba ka jin muryarta. Da lokacin jingarta ya yi, sai ta ɗauko tsohuwar maƙalarka, wadda ka yi suna da ita, ta rubuta a zauren cewa duk hatsin da ka gwada da rani ka ɗebe shi, ita kuma ta gwada da damina ta sami wani sakamako dabam. Cikin ladabi ta rubuta, amma a gaban duniya. Kashegari ciwonka ya tashi aka kwantar da kai.

Da na je duba ka da la'asar, uwargidanka ta ja mini kunne tun daga ƙofa cewa ban da zancen makaranta. Ban gama zama ba ka janye robar numfashi daga hancinka.

“Ka ga abin da 'Yar Kusurwa ta rubuta?” ka tambaye ni.

Na ce, “Don Allah ka bari ka warke tukuna.”

Ka ce, “Yarinyar nan tana da gaskiya. Shekara nawa maƙalar nan tana yawo, babu wanda ya gaya mini, har kai da muke ɗaki ɗaya. Ba ni wayarka in amsa mata.”

Ina lalubar aljihu ma'aikaciyar jinya ta shigo, ta mayar maka da robar, ta fatattake ni waje. Ba ka sake samun ƙarfin riƙe waya ba.

Haka rubutunta ya zauna a zauren, babu amsarka a ƙasansa, mutane kuwa suka cike gurbin da bakinsu. Ana ta cewa ta tozarta malaminta, baƙin cikin haka ne ya kwantar da kai. Babban ɗanka ya zo ofis cikin nutsuwa, ya roƙi a sa ta goge, kuma ban ga laifinsa ba, ubansa yake karewa. Shugaban sashe ya ce hakan ya fi zaman lafiya. Ita kuma ta daina zuwa aji, ta aiko ƙawarta ta ce a shirye take ta goge. In ta goge, ba ta da jinga, sai ta maimaita shekara. Abin da ya fi wannan muni, za ta rayu tana ganin da hannunta a mutuwarka, ba za ta ƙara buɗe baki a gaban na gaba da ita ba.

Ka ga inda ka jefa ni? Jiya na zauna jikin tagar nan, da furfurata, na yi rajista a zauren da sunana na gaskiya. Na rubuta a ƙasan maganarta cewa marubucin maƙalar ya rasu, amma ya karanta, kuma a kunnena ya ce tana da gaskiya. Kwas ɗinka ni aka ɗora wa, na kuma ba ta cikakken makinta. Duk mai magana ya zo ya same ni.

Allah Ya jiƙan ka, mutumina, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa ilimin da ka yaɗa ya riƙa bin ka da lada. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka, wadda ta yi haƙuri da kai fiye da ni, da 'ya'yanka da 'yan'uwanka, Allah Ya ba ku juriya. Kai kuma ɗana, babban ɗan marigayi, ka kwantar da hankalinka: a wannan jinyar ban ga fuskar mahaifinka ta yi haske ba sai lokacin da yake zancen rubutun nan.

Ke ma 'yata, 'Yar Kusurwa, ina yi miki ta'aziyya, domin ke ma uba kika rasa. Kada ki goge ko harafi ɗaya. Ki share hawayenki ki yi masa addu'a, kuma ranar Litinin ina son ganin ki a aji.