Tsaya-Tukuna da Bindigar Babansa

Tsaya-Tukuna ake kiransa, kuma shi ya jawo wa kansa. Gyaran tsofaffin bindigogin farauta ne sana'arsa, irin waɗanda ake ɗurawa ta baki, a wani ɗan shago da ke maƙale tsakanin tela da mai faci. Duk wanda ya shigo da bindiga, ko gaisuwa ba a gama ba zai ɗaga hannu ya ce, "Tsaya tukuna." Sai ya zura sandar ɗuri cikin bututun, ya danne inda ta tsaya da babban yatsa, ya zaro ya gwada ta a waje. In ta kai ƙarshe, bindiga fanko ce. In ta gaza, akwai ɗuri a ciki, kowa ya ja da baya. Matarsa ta rantse ko shayi aka ba shi sai ya zura cokali ya auna.

Bayan awo yake duba tsatsa, da ƙota, da kunamar da ke tayar da wuta, da alamar maƙerin da ya ƙera. Ba ya yi wa kowa kara. Mutum zai zo yana hura hanci da gadon kakansa, ya ce masa, "Wannan ta rataya ce, malam. Ka harba, kai za ta fara ci."

A gidansu ya fara sanin warin albarushi. Babansu maharbi ne, amma rana ɗaya ya ajiye farauta. Har ya rasu labarinsa bai canza ba: ya saita barewa, sai ga ɗanta ya fito yana tangaɗi ya kama nono, shi kuwa ya sauke bindiga bai harba ba. Abokansa suka ce kuskurewa ya yi, kunya ta sa ya ƙago ɗan barewa. Suka laƙaba masa Mai Tausayi, suna faɗa suna shewa. Ba wanda ya gaskata shi sai Inna, mahaifiyarsu. Bindigar kuwa ba a ƙara ganinta ba.

Kwatsam wata safiya sai ga Auta, ƙanwarsa, da dogon abu naɗe a buhu, Inna na biye da ita tana dogara sanda.

"Yaya, masu gyaran rufi ne suka tsinto ta a saman ɗakin Baba," in ji Auta. "Yau dai za a san ko an harba."

Inna ta zauna a benci. "Ni na yago masa ƙyallen toshe ɗuri daga bakin kallabina da safen ranar barewar nan. Na ɗuri ɗaya tak na ba shi."

Tsaya-Tukuna ya dubi bindigar. In sandar ta kai ƙarshe fa? Tsohuwar nan ta yi rabin rayuwarta tana kare mijinta, shi ne zai ƙaryata shi a gabanta? Wallahi tsoro ya ji. Sai ya shiga kewaye-kewaye: kai, dubi ƙotar nan, an ɗaure tsaguwar da waya, kunamar ta cije, ga tsaga uku a gindin bututu, maƙerin ya san aikinsa.

"Tsaya tukuna," in ji Inna. "Ka auna."

Auta ta fashe da dariya har tela ya leƙo.

Ya zura sandar. Ya danne, ya zaro, ya gwada a waje. Ta gaza da faɗin yatsu.

"Ku ja baya!" Ya faɗa yana dariya, idonsa cike da ƙwalla.

Ya tsiyaya ruwa a bututun don albarushin ya jiƙe, ya jira, sannan ya sa ƙarfe mai murɗaɗɗen baki ya yi ta lallaɓa abin. Da ƙyar wani dunƙulallen tsumma ya fito, baƙi ƙirin. Ya wanke a kwano, ya shimfiɗa a tafin hannu. Shuɗi ne, da ɗigo-ɗigon fari.

Inna ta karɓa, ta daɗe tana kallo. Ta ƙulle shi a bakin mayafi, ta laluba sandarta.

"Cikin masu shewar nan saura ɗaya da rai," ta ce. "Auta, kama ni. Gidansa za mu."