Lurun Kaka da Jirgin Yayana

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da Juma'ar da hayaƙi ya turnuƙe ɗakin kakarmu tana ciki, a gidanmu na Tambuwal. An ɗan kwana biyu da faruwar abin, amma ko yau in na ji ƙaurin roba, ko da leda ce yara suka jefa a murhu, sai in tashi in duba inda yake fitowa. In aka tambaye ni abin da ya kawo gobarar na ce jirgin sama ne, dariya ake yi. Ni kuwa ba wasa nake ba.

Yayana tun yana ƙarami ba shi da zance sai na jirgi. Da ya gama karatu ya ƙudurta neman makarantar koyon tuƙin jirgin sama, kuma kafin lokacin ya yi sai ya ji labarin wani wasan kwamfuta da ke kwaikwayon tuƙin sak, da filayen sauka na gaske, da iska, da gajimare. Matsalar ita ce kwamfutar da aka saba gani ba ta iya ɗaukarsa. Sai an haɗa wata ta musamman, a sayi kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya. Saboda ita ya tare a gonar kawunmu da ke Fakku, can ƙasar Kebbe, ya yi noma kamar zai fasa ƙasa, ya sayar da dawarsa da shinkafarsa har da ɗan bijimin da yake kiwo.

Ni a lokacin na gama sakandare ina zaman jiran sakamako. A gida 'Yar Tsoro ake ce mini, kuma ban taɓa musawa ba. Ni ce mai komawa madafa in duba ko garwashi ya mutu bayan kowa ya tabbatar ya mutu. Amma ina da haƙurin karatu, shi kuwa Yaya ba ya iya bin dogon bayani har ƙarshe, don haka ya mai da ni mai karanta masa. Bayan la'asar mukan zauna gindin darbejiya da wayarsa, ina karantawa yana gyaɗa kai. A nan na san furosesa, wadda ita ce ƙwaƙwalwar kwamfutar, da katin hoto mai zana duk abin da ido zai gani a allo, tun daga fukafukin jirgi har inuwar gajimare a kan gonaki. In aka zo kan katin hoton nan idon Yaya har ƙyalli yake yi.

Ni kuwa wani abu daban ya tsaya mini a rai. Kusan duk bayanin da na karanta sai ya ja kunne a kan akwatin wuta, ɗan ƙarfen nan da ke karɓar lantarki ya rarraba wa sauran kayan. Suka ce mai kyau in ya ji zafi ya yi yawa yakan kashe kansa, marar kyau kuwa ci gaba yake yi har ya fashe. Na faɗa wa Yaya, ya ce, "Ke dai ko a littafin girki sai kin tono abin tsoro."

Ranar sayayya tare muka tafi Sakkwato. A shagon, abin da ke aljihun Yaya ya ƙi kai wa ga babban katin hoton da ya kwana yana mafarki, sai in an rage wani wuri. Mai shagon ya ɗauko akwatunan wuta iri biyu ya ajiye a gabanmu. Na ɗaga na farko na ji shi da nauyi, na ɗaga na biyu na ji shi sakayau.

Na ce, "Yaya, wanga fa awa gwangwanin madarar da aka shanye."

Ya ce, "To mi? Jirgi muka son tashi da shi, an ce maki jirgi na son nauyi?"

Mai shagon ya tuntsire da dariya ya ce, "Hajiya ƙarama, wuta ai wuta ce, duk abu guda suka yi."

Na ce ni dai abin da na karanta nika faɗi. Yaya ya sassauta murya ya ce, "Wa ke ganin shi? Can ƙuryar baya yaka zama. Katin hoto shi ne jirgin, ƙanwata." Haka muka dawo da babban kati, da fankoki masu fitilu kala-kala, da sandar tuƙi, da gwangwanin madara. Yanzu in na tuna sai in ga ba rowa ce ta sa shi ba. Mutum ne da ya sha rana a gona, ya ga abin da yake so a gabansa, bai iya juya masa baya ba.

Da aka zo neman inda za a kafa ta, ɗakin Kaka kaɗai ya dace. Mahaifiyar Baba ce, ƙafa ta yi mata nauyi, kuma zafi na wahalar da ita, shi ya sa Baba ya sa mata sola da batir don fankarta. Nan ne kawai wuta ba ta yankewa. Tana zaune bakin gado tana kallon Yaya yana ta haɗa wayoyi, ta ce, "Maigida, wace amarya ce ka kawo mani ɗaki ba ko sallama?"

Ya yi dariya ya ce, "Kaka, ba za ki gane ba. Ke dai kar ki taɓa." Iyakar bayanin da aka yi mata ke nan. Ni ma da na karanta komai ban ƙara mata ko kalma ba, don bai zo wa kowa a rai ba cewa tsohuwa na da abin yi da sanin kwamfuta.

Juma'ar ta faɗo tsakiyar bazara, irin zafin da ko kaji sai su buɗe baki. Da hantsi Yaya ya tashi jirginsa daga Sakkwato ya nufi Jidda. Tafiya ce mai tsawo, kuma wasan ba ya gajarta ta, don haka ya bar jirgin yana tuƙa kansa, ya bi Baba masallaci da niyyar ya dawo ya sauke shi. Inna ta tafi suna Dogon Daji. Ni ina wanki a tsakar gida.

Abin da ya faru a ɗakin sai daga baya na ji. Wasu maƙwabta mata sun shigo gai da Kaka, suka ga fitilu na juyawa ja da kore, suka yi ta leƙe suna tambayar nawa aka saya. Abin bai yi wa Kaka daɗi ba. A tarbiyyarta abu mai daraja ba a barin shi a buɗe ido na cin sa. Kwallayenta a rufe suke, adakarta a rufe take. Suna fita ta lallaɓa ta buɗe adaka, ta ciro lurun da aka kawo ta da shi gidan kakanmu, bargon saƙa mai kauri da ko mu ba ta bari mu taɓa. Ta lulluɓe kwamfutar da shi ruf, ta cusa gefunan ta ƙasa yadda ba abin da zai leƙo, ta koma ta kishingiɗa.

Ni dai ƙara na ji, tas, kamar an fasa kwalba. Sai ƙauri. Na ɗago na ga baƙin hayaƙi na fitowa ta saman labulenta. Na ruga da bokitin wanki a hannu, na isa bakin ƙofa na ƙame. Ina jin tarin Kaka a ciki, ina jin kaina ina salati, amma jikina kamar ba nawa ba. Tsoron nan da ake yi mini dariya a kansa shi ya tuna mini gargaɗin malaminmu na kimiyya, cewa ba a zuba wa wutar lantarki ruwa. Na yar da bokitin, na laluba bayan ƙofa inda batir yake na kashe makunnin, na durƙusa na shiga da rarrafe.

Na nufi gado ban same ta ba. A ƙasa na tarar da ita, gab da wutar, tana jan lurun da hannunta tsirara yana ci, tana faɗin, "Kayan maigida, kayan maigida!" Ba gudu ta yi ba, ita da ko bayi sai an riƙa ta. Wurin wutar ta nufa. Na rungumo ta ta baya na ja, tana tirjewa, har muka faɗo tsakar gida tare. Ihun da na yi ban san ina da irinsa ba. Maza duk suna masallaci, mata ne suka fito, waɗannan dai da suka zo gaisuwa da wasunsu, suka yi ta kwasar yashin ginin maƙwabcinmu da tasoshi da ƙore suna watsawa har wutar ta mutu.

A asibiti Yaya ya same mu. An naɗe hannuwan Kaka duka biyu, numfashinta na fita da ƙyar. Ya tsaya daga ƙofa ya kasa ƙarasowa. Ita ta fara ganin shi, ta ce, "Maigida, jirgin naka ya sauka lafiya?"

Ban taɓa ganin Yaya na kuka ba sai ran nan. Ya durƙusa gefen gadon yana cewa laifinsa ne, shi ya sayi abin banza. Ta ce ita dai ta ga ido ya yi wa kayansa yawa, shi ya sa ta suturta su. Ya ce, "Kaka, ba a rufe ta. Iska taka sha, in ta rasa iska zafi ya kashe ta."

Ta ce, "To mi ya hana ka gaya mani? Ko akuya aka kawo gida, ai ana faɗa wa tsohuwa abin da taka ci da abin da ba ta so."

Baba ma, da na zaci zai ce kada a sake shigo masa da kwamfuta gida, bai ce haka ba. A hanyar komawa ya dubi Yaya ya ce, "In Allah ya hore ka sake, ka tafi da ƙanwarka. Abin da ta ja kunne a kai shi za ka fara saye."

Sai da wata damina ta zagayo ya sake haɗa wata. A shago bai ko kalli katin hoto ba sai da ya ɗaga akwatin wuta ya miƙo mini na ji nauyinsa. Katin da ya samu bai kai na farko ba, gajimarensa ba su yi kyan na da ba, bai kuma yi ƙorafi ba. Ranar da ya kunna ta, kafin ya zauna sai da ya kawo Kaka, ya kama hannunta mai tabo, wanda har yau ba ya iya damƙe carbi sosai, ya kai bayan akwatin inda iska mai ɗumi ke fita. Ta ce, "Ikon Allah, ashe huci gare ta." Ya nuna mata inda iska ke shiga da inda take fita. Daga nan ya sake tashi zuwa Jidda, da teku ya bayyana a allo ya kira ta. Ta riƙe gefen kujera ta ce, "Sauke ni a hankali, maigida, ni ba yarinya ba ce." Guntun lurun da ya tsira kuwa, da ta ji ba a ɗora shi kan kwamfuta, sai ta ninke shi ta shimfiɗa masa a kujerar tuƙi.

Har yanzu ban warke ba. In Yaya ya kunna ta nakan sami dalilin wucewa ta ƙofar in shaƙi iskar ɗakin, kuma an daina yi mini dariya. Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, kayan da ke ƙuryar baya, wanda ba mai gani balle ya yaba, shi ke riƙe da ran sauran. Haka mutumin da ke ƙuryar ɗaki, wanda muke cewa ba zai gane ba. Duk baƙon abin da zai shigo gida, a gabatar da shi ga kowa, a fara da tsofaffi. In ba a gaya musu yadda ake kula da shi ba, za su kula da shi yadda suka iya, da iyakar ƙaunarsu, ko da hannunsu zai ƙone.