Ƙudan Gonar Baba Ilu

Har yau ranar da Baba Ilu na Kademi ya shigo ofishinmu a Gaya da kwalin ashana a hannu ba ta bar raina ba. Ni malamin gona ne, aikina zaga ƙauyuka ina duba ciwon shuka da ƙwari. A damunar nan tsutsa ta far wa masara, shi kuwa tsohon gona ɗaya gare shi, da ita yake ciyar da marayun ɗansa.

Ya buɗe kwalin, sai ga matattun ƙudaje. Ya ce su ke haifar tsutsar, domin da idonsa ya ga suna sauka a kanta, kuma kowa ya san inda ƙuda ya sauka a nama tsutsa ke fitowa. Yana magana yana murmushi, irin na wanda ya kama ɓarawo.

Na ɗauki ɗaya na duba da gilashin ƙara girma. Ku da kuka zo aikin nan kwanan nan, ku riƙe wannan. Ƙudan gida toka-toka ne, da zane huɗu a baya. Na mushe kore ne mai sheƙi. Akwai mai jan ido da zane uku, shi ma nama yake bi. Wannan kuwa gashi ne tsaye a ƙarshen cikinsa, mai kauri kamar ƙaya. Ba ruwansa da tuwon kowa. A jikin tsutsa yake ɗora ƙwai, 'ya'yansa su cinye ta daga ciki.

Na ce, "Baba, waɗannan naka ne, su ke kashe maka tsutsar. Kada ka taɓa su."

Ya ce ai tun shekaranjiya ya yi feshi, har sau biyu. Akuyarsa ya sayar ya sayi maganin.

Muka hau babur muka je gonar. Ko ƙuda ɗaya babu. Tsutsar kuwa ta shige can cikin tsakiyar ganye inda magani bai kai ba, tana ci hankali kwance. Mun yi iya ƙoƙarinmu, amma abin da ya girba bai kai su rani ba. Na ji ciwon abin ƙwarai.

A ranar da muka je ɗin, da zan bar gonar, ya kalli kwalin ya ce, "Ashe masu gadina na kashe, Malam."

Manomanmu suna lura da gonarsu fiye da mu. Abin da Baba Ilu ya gani daidai ne, wanda zai fassara masa ne bai iso da wuri ba. Shi ya sa ba na zaman ofis da damuna.