Ranar da Na Sace Iskar Taya a Hanyar Lyon

Da rani na sayi motar nan, kuma wanda ya sayi mota da rani a Faransa bai ga halinta ba tukuna. Ja ce wur, kujera biyu, rufinta na tanti, ka danna maɓalli ya naɗe kansa ya koma baya. Ƙarfinta duk a tayoyin baya yake. In na ratso unguwar Beaudottes a Sevran, nan gefen Paris, kai buɗe, har tantabaru sai sun bar tsattsaga sun bi ni da kallo. Matata ta ce takalmi ƙafa ɗaya na sayo mai inji, tunda ko buhun shinkafa ba ya shiga. Na ce mata ai ba don shinkafa aka ƙera ta ba.

Sanyinta na farko a hannuna aka kira daga Bron, nan gefen Lyon, aka ce aminin Baba ya rasu. Baba shi ne dattijon da ya sauke ni a ɗakinsa lokacin da na shigo ƙasar nan da jaka ɗaya. Shi da mamacin tare suka baro Damagaram suna samari, tare suka yi aikin gini, daga baya wancan ya bi 'ya'yansa Lyon. Akwai alkawari tsakaninsu da kowa ya sani, don sun sha maimaita shi a wajen shayi: wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai yi masa wanka da hannunsa. Gida za a kai gawar. Asibiti sun ba da ƙarfe ɗaya na rana don wanka, biyu da rabi polis su zo a rufe akwati a buga hatimi. Daga nan kuma ba mai buɗewa.

Baba ya ce jirgin ƙasa zai shiga, awa biyu ya isa. Ni na hana. Na ce dattijo kamarsa ba ya jan ƙafa daga jirgin unguwa na RER zuwa gar, babbar tashar jirgi, cikin sanyin nan alhali ina da mota. Na ce tawa in ta ji hanya, jirgin ma sai ya roƙe mu mu rage masa tafiya. Abin da ban faɗa ba shi ne mutanen Lyon ba su taɓa ganin motar ba, kuma ko a gidan rasuwa ina son su gan ta.

Bayan sallar asuba muka tashi. Sai da na ninke Baba uku kamar darduma kafin ya shiga, gwiwoyinsa a haɓa, ledar sabulu da turare a cinyarsa. Awa biyu muna tafiya lafiya lau, sai dusar ƙanƙara ta fara zuba. Kowa a otorut, wato babbar hanya, ya yi layi bayan manyan motocin da ke share hanya suna watsa gishiri, ana tafiyar hawainiya. Da na bi layin nan da sha biyu ta yi mana a Lyon. Amma ina, na ce na san yanke. Na sauka na kama wata 'yar hanya tsakanin gonaki, wadda ba a share ba.

A hawan wani tudu motar ta fara rawar ƙugu, ta tsaya, tayoyin baya suna juyawa wuri ɗaya. Sai ƙuruciyata ta faɗo mini. Na yi shekaru ina bin kamyo, motar ɗaukar kaya, a hanyar Tanut zuwa Agadas, kuma can dokar rairayi ɗaya ce: ka rage iskar taya, ka ba ta wuta, kada ka ɗaga ƙafa. Na dubi abin nan fari, mai laushi, mai zurfi, na ce ai rairayi ne ya ji sanyi. Na fita da makulli na bi tayoyin huɗu ina sace iska, yatsuna kamar ba nawa ba.

Baba ya sauke gilashi ya ce, "Ɗan nan, shekara arba'in ina ƙasar nan, ban taɓa ganin Nasara ya yi haka ba."

Na ce, "Baba, Nasara bai taɓa zuwa Agadas da lodin albasa ba."

Na shiga na taka har ƙasa. Ni dai na ƙirga juyi bakwai, Baba ya ce ɗaya ne. Muka faɗa kwalbati da baya, tayar da na fi sace wa iska ta kwaɓe daga ƙarfenta. Irin motocin nan kuwa ba su da tayar ajiya. Wani manomi ya zo da tarakta ya ja mu har garejin ƙauye. Makanikin ya tambaye ni da Faransanci wa ya yi wa tayoyin haka, na ce abin da tsawo. Irin tayar ba ya da ita, sai an kawo daga gari.

A ofishin garejin muka zauna kusa da shofaji mai ɗumama ɗaki, Baba yana kallon agogon bango. Ɗaya saura kwata babban ɗan mamacin ya kira wayata, na miƙa wa Baba. Na ji yana cewa za su roƙa a ƙara musu lokaci. Baba ya ce, "A'a. Ku yi masa. Kada ku tsare shi saboda ni." Ya miƙo mini wayar ya nemi inda zai yi alwala.

Sai da aka kawo tayar aka ɗaura sannan muka kama hanyar Bron. Bayan la'asar muka isa. An yi wanka, an rufe, an yi salla. Na ajiye motar can bayan gidaje, inda ba wanda zai gan ta, muka ƙarasa da ƙafa.

Wani malami ɗan Chadi ne ya yi wankan. Baba ya riƙe hannunsa ya daɗe, ya yi masa godiya, ya tambaye shi ko an ɗumama ruwan, don mutumin tun suna samari ba ya son ruwan sanyi. Malamin ya ce an ɗumama. Baba ya ce to madalla.

Na durƙusa gabansa cikin mutane na nemi gafara. Ya ce ya yafe, abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa. Na so ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Da za a tashi sai ya ce, ba da ni yake ba, ba kuma da kowa ba, "Da ni na riga shi, da ya iso. Shi jirgi yake shiga."

Washegari ɗan mamacin ya raka shi gar, ni na koma Paris ni kaɗai.